Ruwan Tankin Basha

Mun taɓa zama a cikin karafan. Haka Misirawa ke kiransa: ɗaki ne mai taya wanda mota ke ja, da gado a ciki, da ɗan murhun gas, da makewayin da sai ka karkace kafin ƙofarsa ta rufu. Wanda muka zauna a ciki yana ajiye ne a wani sansanin shaƙatawa a gefen Giza, kan hanyar Saƙƙara, inda benaye ke ƙarewa gonakin dabino su fara. Mun shiga da farkon zafi, ni da mijina da 'yarmu wadda ba ta cika shekara huɗu ba. Ni da yarinyar mun fita sanyi ya fara shigowa.

Kafin nan a unguwar Darrasa muke, cikin Alƙahira. Karatu ne ya kawo Malam, haka nake kiran mijina, ni kuma aure ya kawo ni. Muna da ɗaki biyu a saman wani shagon littattafai, kiran sallar babban masallaci na shigo mana ta taga. Tallafin karatunsa ya ƙare bai gama rubuta risalar digirinsa na uku ba, a shekarar kuma mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, yana son wurinsa. Muka zaga muka rasa ɗakin da za mu iya kamawa. Malam ya samu aikin tuƙi wajen wani likita a unguwar Mohandisin, mutum mai fara'a, wanda kowa ke ce wa Basha. Wata rana ya dawo yana murmushi tun daga matakala.

"Allah ya kawo mafita," ya ce. "Basha ya ce mu zauna a karafan ɗinsa kafin mu samu gida. 'Yan makonni ne kawai."

"Mene ne karafan?"

Ya nuna mini hoto a waya. Fari tas, da labule masu furanni, da rumfa a gefe. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa.

Ranar da muka tare, kafin mu gama sauke kaya, Malam ya zagaya da ni baya ya nuna mini wani ɗan murfi mai makulli a jikin karafan ɗin, daidai ƙuguna. Ya ce nan ne bakin tanki, duk ruwan da zan gani a ciki, na girki, na wanka, na makewayi, ta nan yake shiga. Ya ciro farin tiyo daga wani akwati a ƙarƙashi, ya ce wannan na ruwan sha ne kaɗai, kada in bari bakinsa ya taɓa ƙasa. Sau ɗaya ya nuna mini, cikin sauri, domin Basha na jiransa a asibiti. Bai sake taɓa tiyon nan ba har na bar wurin.

Sauran aikin mai gadin sansanin ne ya koya mini, wani dattijo ɗan kudancin Masar mai rawani da jallabiyya, muna ce masa Ammu. Famfo biyu ne kusa da juna a gindin wata bishiya. Ɗaya ruwan sha ne na gari, ɗayan kuma daga magudanar gonaki ake jawo shi don ba ciyawa. An taɓa shafa wa na biyun jan fenti, amma rana ta cinye shi.

"Wannan na mutane, wannan na ciyawa," in ji Ammu yana dukan kowanne da sandarsa. "Kada ki haɗa su, ya binti."

Bakin famfon bai dace da tiyon ba, sai na ɗaure su da zirin robar taya, in naɗe in ja har yatsuna su yi fari. Da farko sai in bar ruwan ya zuba a ƙasa, domin wanda ya kwana a bututu yakan fito da zafi kamar na shayi, da warin roba. In ya huce sai in ja tiyon zuwa karafan, in buɗe murfi, in zura, in tsaya ina saurare. A cikin ɗakin akwai wasu 'yan fitilu da aka ce suna nuna yawan ruwan tanki, amma ba su taɓa faɗin gaskiya ba. Kunne ne abin dogaro. In tankin ba kowa, ruwan na faɗawa da ƙara kamar ana buga ganga daga nesa. Yana cika ƙarar na siririntaka, har wata 'yar kafar iska da ke saman murfin ta yi tari, ta feso mini ruwa a ƙafa. Sai in ruga in rufe famfo.

Wannan ranar sa'a ke nan. Ranakun da ruwan gari ya yi rauni, kuma suna da yawa a zafi, ruwan ba ya iya hawa tiyon. Sai in koma jarka. In cika a famfo, in ɗauko, in ɗaga ta daidai ƙirji, in riƙa tsiyayawa a mazurarin da na yanka daga gorar lemo. Bakin tankin ƙarami ne, a hankali yake haɗiya, in na yi gaggawa sai ya dawo mini da ruwan a zani. Haka zan tsaya da jarka a hannu, yarinya na jan gefen hijabina.

Ba na cewa ɗiban ruwa baƙona ne. A gidan da na tashi, can wajen Katsina, rijiya ce a tsakar gida, kuma na ja guga tun ban kai tsawon bakinta ba. Amma ban taɓa sanin nauyin ruwa ba sai da na ga ƙarshensa kullum. Na koyi wanke shinkafa in zuba ruwan a makewayi. Na koyi yi wa yarinya wanka a cikin roba, in wanke kayanta da abin da ya rage. Malam kuwa in ya dawo da yamma, ƙura har gira, sai ya shiga ya buɗe ruwa a kansa ya daɗe. Ina zaune a waje ina jin injin da ke tura ruwan yana gurnani a ƙarƙashin gado, ina jin jarkokina na tafiya. Sau ɗaya na yi magana. Ya ce, "Yanzu wankan ma sai na nemi izini?" Ban ƙara ba.

Masu zuwa sansanin kala biyu ne. Akwai Turawa masu yawon duniya da motocinsu masu ɗakuna, su kwana biyu su wuce. Akwai kuma masu hali na cikin gari da ke ajiye karafan ɗinsu a nan, su zo ƙarshen mako su gasa nama. Wajensu cika tanki wasa ne. Miji na riƙe da tiyo, mata na ɗaukar hoto, ana fesa wa juna ruwa ana dariya. Wata tsohuwar Baturiya ta same ni a famfo ta tambaye ni da gurgun Larabci daga ina muke. Na ce Najeriya. Ta dubi karafan ɗin, ta dube ni, ta tafa hannu. Ta ɗauka sahara muka keto da shi. Ban gyara mata ba, don ban san ta inda zan fara ba. Da na ba Malam labari ya yi dariya har da hawaye, kuma daga nan na ga abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata.

Duk safiyar Juma'ar da ba ya aiki sai ya baje rumfa, ya fito da kujerun naɗewa, ya sa in haɗa shayi a kofunan gilas na Basha. Ya ɗauki hoto, dabino a baya, yarinya a cinyarsa, ya tura gida. 'Yan'uwansa su yi ta turo saƙo, Malam ana shan iska, Malam a ci a rage mana. Mahaifiyata ma ta kira ni.

"Na ga hotunanku, 'yar nan. Har da gida mai tafiya! Allah ya ƙara buɗi. Ki riƙe mijinki da kyau."

Na ce amin, Inna. Tiyo na hannuna a lokacin.

Na tambayi Malam har yaushe za mu ci gaba da haka. Ya ce, "Me za ki gaya musu? Ki ɗaga wa tsohuwa hankali ta yi mana me?" Abokan karatunsa na Darrasa ma ba wanda ya san inda muke. Matansu da muka saba zuwa gidajen juna, suna da barka, duk na daina ɗaukar wayarsu, saboda tambayar farko ita ce ina kuka koma.

Makonnin da aka ce suka zama watanni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranakun Alhamis. Ba kowane mako ba, amma in Basha da iyalinsa za su zo, Malam zai kira ni tun da safe ya ce, "Yau suna tafe." Sai in tattara duk abin da yake namu, tukwane, katifar yarinya, littattafansa, har buroshin haƙori, in cusa a manyan jakunkuna in kai bayan ɗakin Ammu. In share, in goge, in canza zanen gado in shimfiɗa nasu, in buɗe tagogi ƙamshin daddawa da man shanu ya fita. Ƙarshe in cika tanki har ya yi tari. Daga nan ni da yarinya mu koma wata rumfar kara kusa da masallacin sansanin, mu zauna a kan tabarma har Asabar. Malam ya ce ladabi ne, mutum ya ba ka wurinsa, in ya zo ka ba shi fili. Na yarda da wannan. Ya kuma ce kada in bari yarinya ta matsa kusa da su, Madam, matar Basha, ba ta son hayaniya. Na yarda da wannan ma.

A irin waɗannan ranaku na san Haja. Ina famfo ina yi wa yarinya faɗa ta daina taka laka, sai na ji murya a bayana: "Ƙyale ta, yaro da ruwa ai sai Allah." Na juya a firgice. Wata dattijuwa ce baƙa, siririya, sanye da tobe irin na matan Sudan, da tulin kwanoni a hannu. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakata, da Larabci a tsakiya. Ta ce kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su hajji, suka zauna a bakin kogi a Sudan, ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Tana aikin gida wajen wasu mutane a Mohandisin, su ma suna da karafan a nan, ɗakinta kuwa yana Arba wa Nus, can ɗaya gefen birni. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ga jakunkuna a bayan ɗakin Ammu, ta ga tabarma, ta gane. Duk zuwan da suka yi sai ta ɓoyo wa yarinya tsire ko 'yar tuffa a gefen mayafinta.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, a ƙarshen zafi. Ruwan gari ya yi rauni tun asuba, yana fita kamar zare. Malam ya kira ya ce suna tafe da la'asar. Na fara jigilar jarka tun rana ba ta yi zafi ba, ban gama ba sai da inuwar bishiya ta tattare a gindinta. Tafin hannuna ya tashi, bayana kamar an sara. Da kafar iskar ta feso mini ruwa a ƙafa na kusa yin kuka don daɗi. Na kulle murfi, na koma rumfa na miƙe.

Sun zo da wuri. Ina jin ƙarar mota na tashi zaune, na duba gefena ban ga yarinya ba. Ta manta 'yar tsanarta a ƙarƙashin matashin kujera, ni ma ban gani ba da nake kwashe kaya, kuma tun safe take nemanta. Da ta ga an buɗe ƙofar karafan, sai ta ruga. Kafin in isa har ta shige ta gefen Madam, ta hau kujera da ƙafafunta masu ƙura, ta ɗaga matashi ta ciro abarta.

Ban taɓa ganin Madam a kusa ba sai ranar. Mace ce kyakkyawa, da baƙin tabarau a saman kai. Ba ta yi tsawa ba. Ta sunkuya ta tambayi yarinya a hankali yaya aka yi ta san 'yar tsana na nan. Yarinya ta koyi Larabci wajen jikokin Ammu, ta fi ni iyawa. Ta nuna kujerar da ake buɗewa ta zama gado ta ce, "Ana banam hina." Nan nake kwana. Ta nuna babban gadon ta ce, nan kuma Mama da Baba.

Sai a lokacin na gane abin da Malam ya sani tun ranar farko. Basha bai taɓa gaya wa matarsa muna zaune a ciki ba. Duk kwashe kayan nan, duk buɗe tagogi, ɓoyon mu ake yi.

Madam ta miƙe ta dubi mijinta. Basha ya duba wayarsa. Sai ta juya ga Malam, wanda ke tsaye da akwatin ƙanƙara a hannu.

"Gaskiya ne abin da take faɗa?"

Malam ya yi 'yar dariya. Ya ce da Larabcinsa mai kyau, wanda malamai ke yabo, "A'a, ya hanim. Yarinta ce. Uwarta ce ke zuwa shara, takan biyo ta. Ƙarya take yi."

Da ya tsaya nan, da wataƙila na haɗiye, kamar yadda na haɗiye sauran. Amma ya ajiye akwatin, ya kamo hannun yarinya ya sauko da ita, ya dube ta cikin ido ya ce da Hausa, "Ke, wa ya koya miki ƙarya?"

Madam ba ta jin Hausa. Basha ba ya ji. Mu uku ne kawai muka san abin da ya faɗa. Yarinya ta dube shi, ta dubi gadon, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe baki kamar za ta yi bayani, sai ta rufe, ta rungume 'yar tsanarta ta fita.

Ban san ko Madam ta yarda da shi ba. Ta shiga ta buɗe famfon wanke-wanke, ta tara hannu, ta sansana. Ta ce ruwan na da wani wari. Ta ce ba za ta wanke fuskar 'ya'yanta da shi ba, a zubar, a wanke tankin da maganin kulorin, a sake cikawa.

"Ya habibti, ruwan famfo ne," in ji Basha, bai ɗago ba.

"Na ce a zubar."

"Tamam, ya hanim," in ji Malam. Ya juyo gare ni. "Kin ji. Yalla, maza."

Makunnin zubar da ruwa yana can ƙarƙashin karafan ɗin, sai mutum ya kwanta. Na kwanta a yashi mai zafi da hijabina, na lalubo shi na murɗa. Ruwan ya fito da ƙarfi, mai sanyi, garau, ya bi ta ƙarƙashin kafaɗata ya jiƙa ni har zuwa cinya. Na fito na tsaya ina kallonsa yana bazuwa, yashi na shanyewa. Tun safe nake ɗauko shi. Su kuma sun baje kujeru a rumfa, an kunna gawayi, Malam na fifita.

Ammu ya kawo gorar kulorin, ya ajiye kusa da ƙafata. Wanke tanki ba zubawa ɗaya ba ne. Sai ka zuba maganin, ka cika, ka bari ya jiƙa, ka zubar, ka sake cikawa ka ɗauraye, in ba haka ba ruwan zai yi ɗaci. Famfo kuwa har yanzu zare yake. Na ɗauki jarka na koma gindin bishiya.

A nan Haja ta same ni. Mutanenta ma sun zo ranar, kuma sansanin ƙarami ne, kowa ya ji. Ta riga ta ɗauke yarinya ta kai ta inuwa ta ba ta kankana. Ta karɓi jarka ɗaya daga hannuna, na ce, "Haja, bar shi, ba ki da ƙarfin wannan." Ta ce, "Yi shiru." Ta kai guda biyu kafin uwar ɗakinta ta ƙwala mata kira. Da za ta tafi ta riƙe hannuna, ta juya tafin ta duba inda ya fashe.

"Ɗakina ƙarami ne," ta ce, "kuma bene na sama ne, ruwa ba ya hawa kullum. Amma ba wanda zai ɓoye ki. In kin gaji, ki zo."

Ban gama ba sai bayan isha'i. Madam ta aiko ɗanta da faranti, nama da burodi. Na karɓa na gode. Yarinya ta ƙi ci.

Malam bai dawo ba sai Lahadi da rana, bayan ya mai da su gida. Ya zo da leda cike da mangwaro, yana fara'a.

"Khalas, magana ta mutu," ya ce. "Basha ya ce ma'alish, ba komai, mu ci gaba da zama, mu dai ƙara kula. Shi mutumin kirki ne, matar ce ke da wuya."

"Tun yaushe ka san ba ta sani ba?"

Ya ajiye ledar. "Me ya kawo wannan?"

"Tambaya nake yi, Malam."

"To da na gaya miki me zai canza? Da kin ƙi zuwa? Mu je ina? Kan titi?" Ya zauna a matakalar ƙofa ya cire hula. "Da na ce mata gaskiya, ranar nan aiki ya tafi, wurin kwana ya tafi, Basha kuma na kunyata shi gaban matarsa. Ke kin san abin da nake haɗiya a motar nan kullum? Kin san sunan da 'ya'yansa ke kirana da shi?"

Na sani, ko ban san duka ba. Na ga yadda ya rame, na ga yana karatu a wayarsa yana gyangyaɗi. Ban ce masa ba shi da hujja ba.

"Abin da ka gaya wa Madam tsakaninka da ita ne," na ce. "Amma me ya sa ka juya harshe? Wa kake so ya ji?"

Ya dube ni kamar bai gane ba. "Yarinya ce fa. Gobe ta manta."

Tana zaune a ƙasa kusa da taya, tana jin mu. Ya miƙa mata mangwaro ya ce zo ki karɓa. Ta zo ta karɓa da hannu biyu, kamar yadda ake karɓa wajen baƙo, ta koma inda take.

Na ƙara 'yan makonni a wurin, domin tafiya ma sai da shiri. Yarinya ta daina hawa kujerar sai an ce ta hau. In na shimfiɗa mata sai ta tambaye ni, "Mama, yau nan za mu kwana?" Na ci gaba da cika tanki. Da aka sake kirana wata Alhamis aka ce suna tafe, na tattara kaya kamar kullum, na goge, na cika, na kulle murfi, na ba Ammu makulli. Amma ban kai jakata da ta yarinya bayan ɗakinsa ba. Ya raka mu bakin titi ya tsayar mana da ƙaramar bas, ya ɗora wa yarinya hannu a ka ya yi mata addu'a. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sake shiga wata bas, muka keta Alƙahira daga wannan gefe zuwa wancan. A hanya na tura wa Malam saƙo na gaya masa inda muka nufa.

Arba wa Nus ba wurin ɗaukar hoto ba ne. Lunguna ne matsattsu, jan bulo ba shafe, wayoyin lantarki kamar saƙar gizo a sama. Ɗakin Haja na saman bene, da katifa biyu da murhu a lungu. 'Yar ƙanwarta mai zanen lalle ce, ita ta koya mini irin na Sudan, na fara bin ta gidajen biki. Malam ya zo ranar Juma'a, ransa a ɓace. Haja ta ba shi shayi ta ce, "Ɗana, matarka na nan, ba ta gudu ba. Ranar da ka samu ɗakin da za ka rufe ƙofa ka ce naka ne, ka zo ka ɗauke ta." Ya sha shayin ya tafi. Ya ci gaba da kwana a karafan shi kaɗai, Ammu na cika masa tanki.

Ya gama risalarsa a shekarar da ta biyo baya, ya kare ta gaban malamai, aka ba shi daraja mafi girma. Abokansa suka haɗa walima a Darrasa, ni da matansu muka yi girki, suna ta tambayata ina na shige duk kwanakin nan. Na ce hidima ce. Daga inda muke bayan labule na ji Malam ya tashi yana godiya. Ya gode wa malamansa, ya gode wa iyayensa, ya kuma ce ba zai manta da wani bawan Allah likita ba, wanda ya ba iyalinsa mafaka lokacin da suka shiga ƙunci. Maza suka yi kabbara. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Kai, har yanzu akwai mutanen kirki." Na ce akwai.

Muna tare har yau. Yana koyarwa a wata makaranta, muna da ɗaki biyu namu, ba ya zagina, ba ya hana ni komai. Yarinya ta girma, tana makaranta, tana da ƙoƙari, ba ta da yawan magana. Haja ta rasu bara, a ɗakin nan nata na sama, ni na yi mata wanka tare da 'yar ƙanwarta.

Bayan mun dawo daga zaman makokin ne na tayar masa da maganar, karo na farko tun waccan Lahadin. Ban yi faɗa ba. Na ce ina so wata rana ya zauna da 'yarsa ya ce mata gaskiya ta faɗa. Ya ajiye littafin da ke hannunsa yana tunani, kuma na ga da gaske yake tunanin.

"Ni na ce mata haka?" ya ce. "Wallahi ban tuna ba."

Ya tambaya ko akwai sauran shayi. Na ce akwai, na tashi na ɗora.